Inda Littafi na Biyar Ya Tafi

Tun kuna ƙanana kuke ba juna labari iri-iri a kan akwatin katakon nan da ke saman kabad ɗina, mai gida biyar da littafi huɗu. Sani ya ce ɓera ne ya cinye na biyar. Hauwa ta ce babanku ne ya ƙone shi saboda akwai dabbobi masu magana a ciki, har ta faɗa wa 'ya'yanta haka a gabana, ina ji. Babanku bai taɓa ƙona takarda ba, Allah Ya jiƙansa, shi ne ma ya ƙera akwatin da hannunsa. Ɓera kuwa bai taɓa samun hanya cikin kayana ba. Zan faɗa muku yadda abin ya faru daga farko zuwa ƙarshe, kuma ban yarda kowa ya tsallaka zuwa shafin baya ba.

Kakanku, mahaifina, fataucin goro yake yi. Mutumin Damagaram ne, amma a Kumasi ya yi aure, a nan Zango aka haife ni. Yakan ɗora huhunan goro a mota ya yi Arewa, ya daɗe har mu fara manta muryarsa, sannan ya dawo da kanwa da takalman fata. A wata dawowar, lokacin na fara makarantar boko, sai ya zaro wani ɗan littafi siriri daga aljihun rigarsa ya miƙa mini. A makaranta Turanci ake koya mana da Tonanci, yaren Asante. Ban taɓa sanin ana rubuta Hausa da baƙaƙen boko ba. Na haɗa baƙin farko da na biyu, sai na ji maganar gidanmu tana fitowa daga takarda. Na ruga wurin Inna a madafa ina ihu, ta zaci kunama ce ta harbe ni.

Labarin wata yarinya ne, Tasalla, wadda ta je rafi wanke ƙwaryar uwarta, ruwa ya ƙwace ƙwaryar, ta bi ta. Da ta cim mata sai ƙwaryar ta girma ta zama kamar kwalekwale, ta ɗauke ta zuwa garuruwan da ba a taɓa ji ba. Akwai garin da mutane ke yawo da ɗakunansu a ka. Akwai garin da kada ne tela, yana auna mutum da haƙoransa. Littattafan biyar ne, kowane da garinsa, kuma kowace tafiya ɗaya tak Baba yake kawowa. Ko ya kawo ma ba ya bayarwa nan take. Sai na zauna a gabansa na karanta masa wanda ya gabata ba tuntuɓe, yana cin goro yana gyaɗa kai, sannan ya sa hannu a aljihu. Na yi kuka a kan wannan doka ba sau ɗaya ba. Daga baya na gane ita ce ta koya mini karatu, makaranta ta taimaka ne kawai.

A shekarar 1969 Baba ya riga ya rasu, ni kuma ina gidan babanku a Moshi Zango, Sani yana goye. A gidan hayarmu akwai wata mata, Yaya Barira, mai sayar da koko da ƙosai a bakin titi. Ta girme ni nesa ba kusa ba, ga baki, ga dariya mai tada kaji. Ita ce ta same ni wata rana ina karanta takardar asibiti, ta tsaya a kaina da ludayi a hannu ta ce ita ma sai na koya mata, don ta gaji da kai wa yaran makwabta takarda suna yi mata yanga. Kafin mako ya zagayo ta tara mata daga gidaje uku. Babanku kafinta ne a unguwar Anloga, ya haɗa mana benci biyu da ragowar katako. Muka fara zama bayan la'asar a ƙarƙashin mangwaron tsakar gida. Tun ranar farko Yaya Barira ta sa mini suna Tica, don zolaya, sunan kuma ya bi ni har yau.

Da suka iya haɗa baƙi sai na rasa abin da zan ba su su karanta. Babu littafin Hausa a kantunan Kumasi. Na buɗe adakar aurena na fito da littattafan Tasalla, waɗanda rabona da su tun kafin in yi wayo sosai. Babanku ya gan su a warwatse a kan tabarma, washegari ya dawo da akwatin nan mai gida biyar da ɗan kwado. Na kafa dokoki. Na farko, kowace mace za ta karanta layi ɗaya da yatsa a kai, sannan ta miƙa wa ta kusa da ita. Na biyu, ba a juya shafi sai wadda ta fi kowa nawa ta wuce shi. Na uku, littafi na gaba yana kulle sai an gama na hannu. Wannan doka ta uku har ni ta hau: ba na sake karanta littafi sai ajin ya iso kansa, sannan in zauna da hantsi in bi shi ni kaɗai kafin in kai musu.

Zaman hantsin nan shi ne abin da na fi tunawa a shekarar. Da na buɗe na ɗaya, gaskiya raina ya ɗan ɓaci. A ƙuruciya ina ganinsa kamar ba ya ƙarewa, ashe ko kaurin masa bai kai ba. Hoton kadan da ya hana ni zuwa bayan gida ni kaɗai, da na dube shi da idon girma sai na ga kamar ƙadangare ya sa hula. Amma a gefen shafuka akwai jan tabo, shatin babban yatsan Baba da ruwan goro, a duk inda ya karɓi littafin ya duba ko na tsallake layi. Nakan ɗora yatsana a kai, nasa ya fi nawa faɗi. Wani lokaci sai kukan Sani ne ke tashe ni daga wurin. Sannan na ga wani abu da ban taɓa lura da shi ba ina yarinya. Ni a da garuruwan nake kallo, da ɗakuna a ka, da tela mai haƙora. Yanzu sai na ga duk garin da Tasalla ta sauka, tambayar farko da ake yi mata ita ce 'yar gidan wa ce. Kuma ba a taɓa ba ta wurin kwana ba sai ta yi wa masu garin aiki.

Matan suka fara da raini. Ranar da muka gama shafin farko Yaya Barira ta tafa hannu.

"Tica, wannan yarinya ba ta da hankali. A kan ƙwarya guda? Ni ce sai in bar ta ta tafi, in je kasuwa in sayo wata, in shafa mata ƙasa ta yi kamar tsohuwa."

Mma Fati, wata Bamoshiya mai sayar da gawayi, wadda Hausarta ba ta raba mace da namiji, ta ce:

"Ei, Barira! Uwar zai gane. Zai yi masa duka paa."

"Ke dai karanta layinki, tun ɗazu yatsanki ke kan baƙi ɗaya kamar kin kama ƙuma."

Kafin mu kai tsakiyar na biyu raini ya ƙare. Mata masu jikoki suka riƙa gardama a bakin famfo a kan ko kada zai cinye Tasalla. Yaya Barira ta fi kowa zumuɗi kuma ta fi kowa nawa, don tana karatu ne gaɓa-gaɓa, tana sara kowace kalma kamar mai faskare. Sau da yawa ita ake jira kafin a juya shafi, kuma ita ce mai cewa a yi sauri. Wata safiya ta aiko mini da koko a kwanon sha mai murfi, da ƙosai masu zafi, ta biyo bayansu da kanta.

"Tica, ba roƙo na zo ba. Hoton bangon na gaba kawai zan gani. Ba zan karanta ba, wallahi ko na so ma ban iya ba."

"Yaya, na gode da koko."

"To ɗan buɗe."

"In mun iso."

"Allah Ya sa mijinki ya yi haƙuri da ke, yarinya. Dutse aka aura masa."

Na shanye kokon, akwati kuma bai buɗu ba.

Muna cikin na huɗu azumi ya kama, muka mai da zaman hantsi saboda aikin buɗa-baki. A cikin azumin nan ne rediyo ya faɗi dokar da kuka sha ji, cewa duk baƙon da ba shi da takardar zama ya bar ƙasar, kuma wa'adin ɗan kaɗan ne. Ba zan ba ku labarin duk abin da idona ya gani ba, wannan babi ba nasa ba ne. Ku dai sani Zango ta zama kamar kasuwar da aka tashi. Ana fito da gadaje da kekunan ɗinki bakin titi, mutanen da aka yi shekaru ana sallar asuba tare suna neman gafarar juna a tsaye. Ni a nan aka haife ni, babanku kuma Badagombe ne ɗan ƙasa, duk da haka na daina fita ko famfo. Mijin Yaya Barira mutumin wajen Maraɗi ne, yana dako a rumfunan goro, ba shi da takarda ko ɗaya. Ita kuwa a goye aka kawo ta Kumasi. Ba ta san Nijar ba sai a bakin mutane. Dangin mijin in sun zo fatauci dariyar Hausarta suke yi, suna ce mata 'yar Gwanja.

Benci biyu suka koma ɗaya, amma ban rufe aji ba, kuma Yaya Barira ba ta fasa zuwa ba ko sau ɗaya. A waɗannan kwanaki muka kai ƙarshen na huɗu. A wurin, Tasalla ta sha wuya ta hayo rafin har ƙofar garinsu, ƙwarya a kanta. Mai gadin ƙofa wani tsohon zalɓe ne. Ta yi sallama, ta faɗi sunanta da na uwarta. Layin ƙarshe a kan Yaya Barira ya faɗo. Ta ɗora yatsa ta sara shi gaɓa-gaɓa, inda zalɓe yake cewa bai san ta ba, muryarta ba ta garin nan ba ce, ya mai da ƙyaure ya rufe. Ta juya shafi, babu komai sai bango. Ba wadda ta yi dariya. Ta daɗe tana kallon bangon, sannan ta miƙo mini.

"Sai na biyar ke nan."

"Sai na biyar, Yaya. Gobe in duba shi, jibi mu fara."

Jibin ba ta samu ba. Washegari da hantsi, ina shirin buɗe akwati ke nan, ta shigo ɗakina da mayafi a kafaɗa, 'yarta Zuwaira tana riƙe da zaninta. An samu motar goro da za ta yi Arewa bayan azahar, mijin ya kama musu wuri a saman huhuna. Ta nemi gafara, na nemi tata. Ta kai bakin ƙofa ta juyo.

"Tica, abu ɗaya. An buɗe mata?"

Na ɗora hannu a kan murfin akwati.

"Ba labarin nake so duka ba. E ko a'a. Yau dai ki bar dokar nan, babu aji, babu benci, ni da ke ne."

Na san an buɗe mata. Wannan kaɗai na riƙe tun ƙuruciya, amma yadda aka yi aka buɗe ya ɓace mini. Kalma ɗaya ce da na faɗa ta tafi. Ga abin da ya hana ni, kuma har yau ban canza ra'ayi ba. A kwanakin nan kowa faɗa mata yake ba komai, ai gida za ki, za a karɓe ki. Tana amsawa da to, amma na ga ba ta yarda da ko ɗaya ba, don ta san maganar sallama ce. In na ce e, tawa ma cikinsu za ta shiga, kafin mota ta wuce Tamale ta zubar. Sannan na san halinta. Yunwar ƙarshen nan ce kaɗai ke zaunar da ita a gaban takarda. Ranar da ta ji shi a baki, ranar karatunta ya ƙare.

Na buɗe kwado na zaro na biyar. Shi ne ya fi sauran tabon goro, don a kansa Baba ya fi daɗewa. Na san ba a sayar da shi a ko'ina da zan iya zuwa, na kuma san abin da ya hau motar nan ba ya dawowa. Ina iya leƙa shafin ƙarshe kafin in miƙa, ba wanda zai hana ni. Ban taɓa fara littafi daga baya ba, ban ga dalilin farawa ranar ba.

"Ga shi. In kina son sani, ki karanta da kanki. Daga shafin farko, yatsa a kan layi. Kada ki ba wani yaro ya karanta miki."

Ta ƙi karɓa.

"Na babanki ne fa. Su Mma Fati kuma fa?"

"Su suna gida. Ke ce mai tafiya."

Ta sa hannu biyu ta karɓa, ta kwance ɗankwalinta ta naɗe shi, ta cusa cikin babbar tukunyar kokonta tare da tsummokaran Zuwaira. Tana share ido tana cewa:

"Kai, wannan mata! Mutum na barin ƙasa ma sai kin ba shi aikin gida."

Yanzu ga abin da ya biyo baya, don kada ku zaci kyauta ce marar ciwo. Bayan salla, cikin sabuwar shekara, matan da suka rage suka dawo benci suna jiran na biyar. Na faɗa musu inda ya tafi. Mma Fati ta miƙe tsaye.

"Mu da muka zauna ba mutane ba ne? To faɗa mana da baki."

Na ce an buɗe wa Tasalla ƙofa, iyakar abin da na riƙe ke nan, kuma ba zan ƙaga musu sauran in ce haka littafi ya ce ba. Mma Fati ta ce wannan ba ƙarshe ba ne sam, ko yaro ya san za a buɗe. Ta ɗauki takalmanta. Ta daɗe ba ta amsa gaisuwata, gawayi ma sai in aika wani gida. Na gwada mai da su kan na ɗaya, ba wadda ta so. Kafin damina ajin ya mutu, babanku ya mai da bencin ƙofar gida. Ku ma da kuka taso, kowannenku ya karanta mini huɗun nan a jere, kowannenku ya kai ƙofar zalɓe ya yi kuka, ni kuma ba ni da abin da zan zaro daga aljihu kamar yadda Baba ya yi mini. Wannan ya fi ajin yi mini ciwo.

Shekaru suka wuce, babu labari. Bayan an aurar da Hauwa, gida ya rage daga ni sai babanku, wata rana da rana tsaka aka yi sallama. Wata mata ce mai jiki, ta zo sarin atamfa daga Maraɗi, tana tambayar gidan Tica. Da ta yi dariya, irin ta Yaya Barira sak, na gane ta kafin ta faɗi suna. Zuwaira ce. Yaya Barira ta rasu, Allah Ya gafarta mata. Bayan mun yi addu'a na kawo ruwa, sannan na yi tambayar da ke bakina.

"Ta karanta?"

"Damina biyu ta ɗauka, Inna. Ta hana kowa taɓawa. Da farko matan gidan dariya suke mata, in ta yi magana su maimaita. Da suka ga tana zama da takarda tana magana ita kaɗai, sai suka fara matsowa. Daga baya har daga wasu unguwanni ake zuwa. Barira mai littafi, haka ake kiranta har ta rasu. Da shi ta koya mini karatu. Ya yayyage tuni, amma ba komai, yana kaina."

Ta gyara zama ta fara. Ba da muryarta ta faɗe shi ba, da ta uwarta ce, gaɓa-gaɓa, tana sara kowace kalma, yatsanta yana tafiya a kan tabarma. Na juya fuskata wajen mangwaro.

Na so in faɗa muku a lokacin, a sunan ɗan Sani, kuka ce Umma ai mun girma. To ga shi a rubuce, tun da kun biyo layi har nan. Tasalla ta zauna a bakin ƙofa, ta ƙi tafiya. Matan garin suna fitowa ɗiban ruwa suna wuce ta, har wata tsohuwa ta zo. Ba ta gane fuskar ba, ba ta gane muryar ba. Amma ta ga ƙwaryar, ta ce a miƙo mata. A gindinta akwai tsaguwa da aka ɗinke tun da daɗewa. Tsohuwar ta bi ɗinkin da yatsa ta ce wa zalɓe, wannan ɗinkina ne, babu mai irinsa a garin nan, buɗe wa 'yata.

Da Zuwaira ta gama, ta sha ruwa, sai ta dube ni.

"Inna, ni ma da tambaya. Duk yaran unguwarmu sun san yadda Tasalla ta shiga gari. Amma me ya fitar da ita tun farko? Mama takan fara, sai ta ce a'a, ba haka Tica ta karanta ba, ta bari."

Na tashi na sauko da akwati. Ta miƙa hannu wajen na huɗu, don shi ke kusa da gidan da babu komai. Na janye shi, na ba ta na ɗaya.

"Daga nan ake farawa. Sa yatsa."